Yadda Ake Zaɓen Wurin Biki a Kano Ba Tare da Da-na-sani Ba

A da, ba a tambayar inda za a yi biki. Tsakar gidan su amarya ita ke ɗaukar kamu da wuni, ƙofar gida ta ɗauki ɗaurin aure, a aro tabarmin maƙwabta a shimfiɗa, shi ke nan. Yanzu gidaje sun matse, dangi sun yaɗu, ga dina da walima sun samu gindin zama, har kama wuri ya zama hidima mai zaman kanta. Na sha ɗawainiyar bikin ƙannena da 'ya'yan yayyena, kuma kuskuren da na fi gani shi ne a zaɓi wuri saboda hoton da aka gani a waya, a manta da mutanen da za su zauna a cikinsa awa huɗu.

Mataki na farko: ware tarukan da ke buƙatar haya

Kafin a taka ko'ina, a zauna da iyaye mata a jera abin da za a yi. Ɗaurin aure ba ya neman zaure. Masallacin unguwa ko ƙofar gidan waliyyi sun wadatar. In kuma ana son babban masallaci irin Alfurƙan da ke Nasarawa ko na Umar bin Khaɗɗab da ke Dangi, a sanar da masu kula da shi tun da wuri, domin ranar Juma'a da Asabar akan ɗaura aure fiye da ɗaya, kuma ba a jiran wanda ya makara. Sa lalle na cikin gida ne. Abin da ke cin kuɗin haya dai kamu ne da wuni da dina, wani lokaci da walima. In aljihu bai da nauyi, a zaɓi guda ɗaya a kai shi zaure, sauran a yi su a gida ko a harabar makarantar unguwa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Mataki na biyu: ƙirga mutane, ba katuna ba

A nan ake yawan faɗuwa. Bahaushe ba ya zuwa biki shi kaɗai, Bahaushiya kuwa balle. Ka ba Goggo kati ɗaya, za ta zo da jikokinta biyu da 'yar riƙonta da maƙwabciyar da ta raka ta. Ba rashin kunya ba ne, haka zumuncin yake, kuma ran bikin nata kai ma haka za ka yi. Don haka a raba taro gida biyu. Akwai taron kati, irin dina, wanda ake tsayar da mutum a ƙofa. Akwai kuma taron gayya, irin kamu da wuni, wanda ba a korar kowa.

A taron gayya, dabarar da na koya wurin wata yayarmu ita ce a dubi anko. A tambayi mai rabon atamfa mutum nawa suka yanka, a ɓangaren amarya da na ango. Wanda ya sayi anko zai zo. Sai a ninka adadin sau biyu saboda yara da waɗanda ba su yi ankon ba. Lissafin ba ya fita cif-cif, amma ya fi “ai ba za su wuce ɗari biyu ba” da uwar amarya kan faɗa alhali ita kaɗai ta gayyaci ɗari uku.

Sannan in mai zaure ya ce wurinsa na cin mutum 500, a tambaye shi: a jere ko da tebura? Zauren da ke ɗaukar 500 a kujerun da aka jera sahu-sahu, da ƙyar zai ɗauki 300 in aka zuba tebura masu kujera takwas ko goma, aka fitar da wurin zaman ango da amarya, da filin da za a taka rawa, da hanyar masu rabon abinci.

Mataki na uku: nemi wuri kafin a sa rana

Al'ada ita ce kawunnai su je su sa rana, sannan matasa su bazama neman wuri. Ni shawarata a juya abin. A fara leƙa wurare biyu ko uku a ji ranakun da ba a kama ba, sai a miƙa wa manya cikin ladabi: “Kawu, ga ranakun da muka ga wuri bai cika ba, ko za a duba cikinsu.” Hukunci na hannunsu, amma an rage wa kai wahala. Bukukuwa kan taru a watan Rajab da Sha'aban saboda a tare kafin azumi, da makonnin bayan sallah, da hutun Disamba lokacin da 'yan makaranta da mazauna Abuja da Legas ke gida. Mai son Asabar a waɗannan lokuta ya fara nema wata uku ko huɗu kafin nan. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka.

Rana kuma tafe take da yanayinta. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan haura digiri 40, rumfar tamfol da azahar kuwa tanda ce. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, Agusta ta fi ruwa, kuma hadarin yamma ba ya sallama. Iskar da ke gabansa ta isa ta kwashe rumfa da kwalliyarta. Wanda ya dage sai fili a wannan lokaci, to ya tabbata akwai ginin da za a ruga ciki. Disamba da Janairu sun fi daɗin taron waje da rana, sai dai ƙurar hunturu ta shiga abinci, da dare kuma tsofaffi su fara neman tafiya tun kafin amarya ta iso.

Mataki na huɗu: dubi hanyar masu zuwa

Ango da abokansa suna da motoci, amma yawancin 'yan biki da A Daidaita Sahu za su zo. Tun da aka hana acaɓa a birnin Kano a 2013, shi ne ƙafar talaka, kuma a 2022 gwamnati ta taƙaita zirga-zirgarsa bayan ƙarfe goma na dare. In dangin amarya suna Kurna ko Rijiyar Lemo aka kama wuri a Hotoro, an ɗora wa kowace mace kuɗin mota biyu da fargabar komawa. A zaɓi wurin da ke kusa da inda yawancin mata za su fito, ko a ɗauki bas biyu da za su kwaso su mayar. A kuma duba wurin ajiye motoci. Zauren da ba shi da haraba, a bakin titi za a jera, rabin hankalin baƙi na kan motocinsu.

Mataki na biyar: je ka ga wurin lokacin bikin wani

Da za a ce in zaɓi mataki ɗaya in bar sauran, wannan zan riƙe. Zaure da safiyar Talata, an share shi, ba kowa, iska na kaɗawa, ba ya faɗa maka komai. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ka roƙi manaja ya bar ka ka leƙa ranar Asabar da yamma ana tsakiyar taro. Minti ashirin sun isa.

Na koyi wannan ne da tsada. A bikin wata ƙanwata mun kama wani zaure mai kyan gani, fitilu reras, bango fari tas. Ranar kamu, ana shigo da amarya aka ɗauke wuta. Janareto ya tashi, amma ashe ba ya iya ɗaukar na'urorin sanyaya ɗaki, fitilu da lasifika kawai yake ja. Tagogi kuwa an liƙe su saboda ado. Cikin rabin awa kwalliyar amarya ta fara narkewa, mata suka koma fifita da katin gayyata. Kakarmu ta kira ni ta ce, “Kai ɗan nan, gasa mu kuka kawo mu a yi?” Har yau in an yi zancen bikin, ba a tuna abincin, zafin ake tunawa.

Saboda haka ka fara da wuta. A ranar da ba taro, ka ce a kashe ta layi a tayar da injin a gabanka, a kunna duk na'urorin sanyi, ka tsaya ka ji. Ka tambaya ko akwai na biyu in wannan ya tsaya. Daga nan ka wuce banɗaki, domin shi ke tona asirin wuri. Guda nawa ne, an raba na maza da na mata, akwai ruwa a famfo, akwai butoci? Taron da aka fara bayan la'asar dole magariba ta riske shi, don haka ka nemi wurin alwala da inda mata za su yi salla a suturce, ba a bayan motoci ba.

Ka ƙirga ƙofofi. Zauren da ke da ƙofa ɗaya, ta shiga ita ce ta fita, kada ka kama shi ko kyauta ne. Yadudduka da ake lulluɓe bango da rufi da su, ga wayoyin fitilu a bayansu, tartsatsi ɗaya ya ishe su. Wasu wuraren suna da ƙofar baya amma an garƙame ta da kwaɗo, ko masu kwalliya sun rufe ta da labule. Ka ce a buɗe ta ranar taronku. In zauren a saman bene yake, ka tuna da Hajiya mai ciwon gwiwa da baffan da ke dogara sanda. Ka tsaya can ƙarshen zaure ka ji ko maganar mai gabatarwa na fita ko amsa-kuwwa ce kawai. A ƙarshe ka nemi ɗakin da amarya za ta zauna ta gyara ɗauri kafin a shigo da ita. In babu, a mota za ta yi zaman jira.

Kafin ka fita, ka ɗan tsaya da mai gadi ko masu share wurin. Su suka san ko rufi na yoyo, su suka san ko ana yawan ɗauke wayoyi da jakunkuna.

Mataki na shida: ciniki, da abin da ke ƙarƙashin farashi

Kuɗin da aka fara faɗa maka sau da yawa na ginin ne kawai. Ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Dizal na cikin kuɗin ko ku za ku saya, kuma na awa nawa? Kujeru da tebura nawa ake bayarwa, nawa ne kuɗin ƙari? Rigunan kujeru fa? Wa ke biyan masu tsaron ƙofa da masu shara? An yarda ku shigo da mai girkinku da mai kwalliyarku da lemonku, ko dole sai na gidan? Wannan ta ƙarshe na iya ninka kashe kuɗi, domin wuri mai araha da ya tilasta maka abincinsa ya fi mai tsada da ya sakar maka mara cin kuɗi. Wasu kuma suna karɓar kuɗin ajiya saboda ɓarna, sai a ji yaushe ake mayarwa.

Ka tambaya ko akwai wani taro kafin naku a ranar. A lokacin cunkoso akan ba da zaure sau biyu, rana da dare. In na rana suka makara, kuma za su makara, mai kwalliyarku zai fara ɗaura labule baƙi na shigowa.

Duk abin da aka yi yarjejeniya a kai a rubuta: rana, awar shiga da ta fita, adadin kujeru, batun dizal, da abin da zai faru da kafin alƙalami in an ɗaga biki. Rasuwa kan faɗo, rashin lafiya kan zo, ana ɗaga aure a kan ƙasa da haka. A biya ta asusun wurin, ba na wani yaro da ya ce shi ne ɗan gida ba, a karɓi rasit mai hatimi. Kunya ce ke hana mu neman takarda wurin wanda muka gaisa da shi da fara'a, amma manajan da ya yi maka alkawari da baki yana iya barin aiki kafin ranar.

Mataki na bakwai: ƙa'idojin gari da na gida

A Kano Hukumar Hisba na sa ido kan wuraren biki, musamman batun cakuɗuwar maza da mata da irin kiɗan da ake sakawa, kuma masu zauruka sun san sharuɗɗan da aka gindaya musu. Ka tambaye su tun farko, ka faɗa wa mai kiɗa da abokan ango. Liƙi ma a yi hattara, dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta watsa naira da tattaka ta, shi ya sa wasu yanzu ke ajiye kwano ko akwati a gaban ango da amarya. In a ƙofar gida za a kafa rumfa har ta tare layi, a gaida mai unguwa a sanar da shi, a bi maƙwabta gida-gida, a bar hanyar da mota za ta wuce in lalura ta taso.

Mataki na takwas: makon biki

Ana saura kwana uku ka koma. Ka tabbatar sunanku ne a littafi a wannan rana, ka sake sa a tayar da janareto, ka haɗa mai kwalliya da manaja su tsayar da lokacin shiga. Sannan a naɗa mutum ɗaya daga dangi, ba ango ba, ba uwar amarya ba, wanda zai riƙe rasit da lambar manaja da ta mai kula da injin. Ya riga kowa zuwa, ya ƙirga kujerun da aka ba ku tare da ma'aikacin wurin, ya duba ƙofar baya a buɗe take, butoci na da ruwa. Bayan an watse kuma kada ya tafi sai an sake ƙirga kujerun a gabansa, an sa hannu a takarda, domin a nan ne kuɗin ajiya kan maƙale.