Kafin Ka Sayi Riga, Tambayi Inda Ta Fito

Ranar 24 ga Afrilu, 2013, ginin Rana Plaza mai hawa takwas ya rushe a Savar, kusa da Dhaka, babban birnin Bangladesh. Mutum 1,134 suka rasu, galibinsu mata masu ɗinka wa kamfanonin Turai da Amurka tufafi. Ana gobe abin zai faru an ga bango ya tsage, amma aka tilasta wa ma'aikata komawa kan kekunansu. Sai da aka tsinci tambarin wasu kamfanoni cikin ɓaraguzai duniya ta san su ake yi wa aikin.

Saboda haka, mai karatu, juya rigar da za ka saya ka duba ɗan ƙyallen da ke ciki. Can ake rubuta ƙasar da aka ɗinka ta, da ko auduga ce ko zaren roba. In kuɗinta bai kai na yadin ba, wani ne aka ci guminsa. Araha ba ta ado.

A kasuwar Kantin Kwari ma kada ka ji nauyin tambayar mai shago daga ina atamfarsa ta zo, kuma ta asali ce ko jabu. A karofin Ƙofar Mata kuwa, ga marini ga baba, da idonka za ka ga aikin.

Wanda ya fi damuna shi ne telanmu na unguwa. Kai masa ɗinkin Sallah da wuri, don kada yaransa su kwana kan keke, sannan ka biya shi haƙƙinsa cif ranar karɓa.