Kadarkon azara

Da damana, ruwa yakan cika ƙorama, ya tsare hanyar kasuwa. Don haka ake gina kadarko.

Kadarko mafi sauƙin gini shi ne na azara. Ana kafa ginshiƙi biyu, a shimfiɗa azara bisa kansu, kamar yadda magini ke jera azarar giginya bisa bangon ɗaki.

In amalanke ya hau, azara takan lanƙwasa kaɗan. Samanta yana matsewa, ƙasanta yana miƙewa. Nauyin ya bi ginshiƙai, ya sauka cikin ƙasa.

Siminti yana jure matsi, amma in aka ja shi sai ya tsage. Shi ya sa ake sa sandunan ƙarfe cikin azarar siminti, wajen ƙasanta.

In ginshiƙai sun yi nisa da juna ƙwarai, azara tana iya karyewa. Saboda haka dogon kadarko yana da ginshiƙai da yawa, kamar kadarkon Kennedy na Yamai. An buɗe shi a 1970, tsawonsa metir 710.

Aiki: A ɗora kara bisa duwatsu biyu, a danna tsakiyarsa. A ƙara dutse na ukku a tsakiya, a sake dannawa. Mi ya faru?