Mai Neman Shugabanci Ya Fito Fili

'Yan'uwa, akwai wani babban kundin sani a intanet, sunansa Wikipedia, an fara shi a 2001. Masu rubuta shi aikin sa kai suke yi. Daga cikinsu akan zaɓi masu kula, waɗanda ke da ikon share rubutu da dakatar da mai ɓarna. A sashen Turanci, hanya ɗaya ta zaɓe ita ce mai nema ya tsaya gaban jama'a kwana 7. Sai mu lura da abu biyu da ake dubawa.

1. Gaskiya. Dole ya faɗa ko an taɓa biyansa domin rubutu. Aikinsa na baya kuwa a buɗe yake ga kowa. A 2007 aka gane wani babba cikinsu, mai cewa shi farfesan tauhidi ne, ashe ba shi da digirin. Ya sauka. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

2. Ladabi. Akan yi masa tambayoyi masu zafi, a ga ko zai amsa da haƙuri. Wanda ya zagi mai sukarsa tun bai sami iko ba, me zai yi ran da ya samu?

Bari mu auna masu neman shugabanci cikinmu da wannan mudu.