Ƙanƙarar Gas a Bututun Mai: Magani Ɗaya Ba Ya Yi wa Kowane Mai

A shekarar 1934 ne wani masani mai suna Hammerschmidt ya gano cewa abin da ke toshe bututun gas a Amurka ba ƙanƙarar ruwa zalla ba ce. Idan ruwa ya haɗu da gas cikin sanyi da matsi mai ƙarfi, sai su daskare tare. Mu kira wannan "ƙanƙarar gas". Irin wannan yanayi ne ake samu a ƙasan teku, misali rijiyoyin Bonga na Nijeriya, inda zurfin ruwa ya haura mita 1,000.

Ɗaya daga cikin magungunanta sinadari ne ɗan'uwan sabulu, mai kai da wutsiya. Kan yana manne wa ƙwayar ƙanƙara, wutsiyar kuma ta shige cikin mai. Ba ya hana daskarewa, sai dai ya hana ƙwayoyin curewa, don su gudana tare da man kamar kunu.

To, a nan ne irin man yake da tasiri. Ɗanyen mai mai kauri yana ɗauke da sinadarai masu kama da kwalta waɗanda ke taya maganin aiki. Mai marar kauri ba shi da su sosai, sai a ƙara magani. Kakin da ke cikin wani man kuwa kan daskare ya dagula lamarin. Idan rijiya ta tsufa, ruwa ya rinjayi mai, wutsiyar ba ta da wurin kamawa. Shi ya sa injiniyoyi ke gwada maganin da man kowace rijiya kafin su zuba.