Darasi na 14: Gara da Ƙwaro a Rumfar Masassaƙi

A nan Maruta, da Gwaram, da Birnin Kudu, muna da masassaƙa da kafintoci da yawa. Galibinsu a gida suke aiki, a zaure ko a rumfa. Su ke yi mana turmi da taɓarya, da ƙota, da kujera, da ƙyaure. Jarin masassaƙi itacensa ne. In itacen ya lalace, jari ya tafi. In kuwa ya sayar da ƙyaure ya rube kafin shekara, sunansa ya ɓaci a kasuwa.

Abokan gaban itace iri biyu ne. Ɗaya daga ƙasa take fitowa, ita ce gara. Ɗaya kuwa da fiffike yake zuwa, shi ne ƙwaro mai huda katako. Tilas mu san bambancinsu, gama maganinsu ba ɗaya ba ne.

Gara

Gidan gara a ƙarƙashin ƙasa yake, ko cikin shuri. A can uwarsu take kwance, ba ta da aiki sai ƙwai. Uwar gara mai babban shuri takan yi ƙwai dubbai a rana ɗaya. Shingen nan da muke gani yana tashi bayan ruwan farko, 'ya'yanta ne suka fito neman wurin kafa sabon gida.

Jikin gara laushi gare shi. Rana da busasshiyar iska suna kashe ta. Saboda haka ba ta tafiya a fili. Sai ta gina 'yar hanya ta laka a jikin bango ko gungume, ta bi ta ciki. Takan cinye cikin katako ta bar bayansa sumul. Mai shi yana tsammani yana da dukiya, sai ran da ya ɗauka ya ji ba nauyi.

Ƙwaro

Shi ƙwaro ƙarami ne, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Macen takan yi ƙwai a jikin itace. Ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa. Tsutsar ta yi watanni tana ci daga ciki. Sa'an nan ta zama ƙwaro, ta huda ƙofa ta fita. In mun ga ƙananan huji, da gari mai laushi yana zuba ƙarƙashin katako, to, aikinsa ne.

In mun yanka gungume, mukan ga tsakiyarsa ja ce ko baƙa, gefensa kuma fari. Farin nan na kusa da ɓawo shi ne mai abincin da tsutsa take so. Tsakiyar ta fi ƙarfi, ba safai take cinta ba.

Ga alama a taƙaice: in mun ga laka, gara ce. In mun ga gari, ƙwaro ne.

Abin da za mu yi

1. Mu zaɓi itace. Ƙirya da tsakiyar maɗaci da azarar giginya suna daɗewa. Darbejiya ma, wadda aka kawo Borno a 1928, tana jimrewa. Amma rimi da maje ba su da wuyar ci. Kada kuma mu sare itace sai da iznin ma'aikatan gandun daji.

2. Mu ɓare ɓawo da wuri. In aikin na daɗewa ne, mu sassaƙe farin mu bar tsakiyar.

3. Kada katako ya taɓa ƙasa ko bango. Mu ɗora shi bisa duwatsu ko bulo, kamar yadda muke ɗora rumbu. Tsayin ya kai taƙi biyu, don ido ya ga ƙarƙashi.

4. Mu jera katako a inuwa, mu sa 'yan sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa. Danshi abokin gara ne. Mu gyara indararo kafin damina, mu kau da randa daga wurin.

5. Mu share rumfa kowace yamma. Guntayen itace da kututture da aka bari a ƙasa su ke kiran gara.

6. Mu duba ƙarƙashin katako sau ɗaya a mako. In mun ga hanyar laka, mu rushe ta, mu bi ta har inda ta fito.

7. Katakon da ƙwaro ya ci da yawa, mu raba shi da sauran, mu sa a murhu. Ƙaramin abu kuwa, kamar ƙota, mu naɗe shi da baƙar leda, mu shanya a ranar bazara kwana biyu ko uku. Zafin yana kashe tsutsa.

Gargaɗi

Dattawanmu sun tuna da Gamalin da DDT. A 2001 ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a birnin Stockholm don hana irin waɗannan guba, a 2009 kuma aka ƙara da gubar da ke cikin Gamalin. Dalili shi ne suna daɗewa a ƙasa da ruwa, suna cutar mutum da dabba. Kada mu saya, ko an yi mana araha. In gara ta fi ƙarfinmu, mu nemi shawarar malamin gona.

Wadansu sukan shafa baƙin mai a gindin dirka. Amma kada baƙin mai ko wani magani ya taɓa turmi, ko akushi, ko muciya. Abin da ya shiga turmi, cikin 'ya'yanmu zai shiga.

Duwatsu huɗu da tsintsiya ba su da tsada. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Don me gara take gina hanyar laka?
2. Mene ne alamar ƙwaro a jikin katako?
3. Wane ɓangaren gungume ne tsutsa ta fi so?
4. Don me ba a shafa wa turmi magani?

Aiki

Kowa ya rubuta wannan a littafinsa sau 3: Gara daga ƙasa take fitowa. In an tashi, kowa ya duba rumfarsa da azarar ɗakinsa. Gobe ya faɗa wa aji abin da ya gani, laka ko gari.