Kafin ka sayi tsohon gida

Farashin da kuka daidaita da mai gida somin-taɓi ne. Akwai la'adar dillali da kuɗin lauya. Sannan a Najeriya, dokar filaye ta 1978 ta ce sai gwamna ya amince kafin mallaka ta koma sunanka, wannan ma da kuɗinsa. Bincika bashin harajin ƙasa da na wuta, don kai za a biyo.

In da hali, je ka duba gidan da damina. Sabon fenti yana ɓoye danshi, saboda haka ɗaga kai ka nemi tabon yoyo a silin, ka ƙwanƙwasa katakon rufi ko gara ta cinye shi, ka leƙa masai ko ya cika. In kuwa gidan gado ne, kada ka ba da ko sisi sai duk magada sun sa hannu a gaban shaidu.