Zaizayar Ƙasa a Kan Tsaunuka: Abin da Ya Kamata Manomi Ya Sani

A ƙasashen tsaunuka masu ƙarancin ruwan sama, kamar Duwatsun Mandara da ke kan iyakar Nijeriya da Kamaru, rani yakan daɗe, ciyawa ta bushe, dabbobi su cinye ragowar. Saboda haka ruwan farko yakan tarar da ƙasa tsirara. Da yake da ƙarfi yake saukowa, ba ya samun nutsewa, sai ya gangara a guje, ya kwashe ƙasar sama, wadda ita ce mai albarka.

Ɓarnar ba ta tsayawa a kan dutse. Inda ruwan ya bi yakan zama kwazazzabo. Yashin da ya ɗebo kuwa yakan binne gonakin kwari, ya cushe koguna irin su Yedzaram, wanda ya bi ta Mubi da Bama.

Maganin ba baƙo ba ne. Tun kaka da kakanni mutanen Sukur, a Jihar Adamawa, suke jera duwatsu a gonakinsu hawa-hawa kamar matakala, domin su karya gudun ruwa. Wannan hikima tana cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta sanya Sukur cikin wuraren tarihi na duniya a 1999.

Don haka ana jawo hankalin manoma:

1. A ja kunya a gicciye, kada a bi gangare.
2. A gyara jerin duwatsun da ya rushe kafin damina.
3. A bar karan dawa ya rufe gona, a daina ƙona daji.
4. A dasa itatuwa a bakin rafi.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona. Rigakafi ya fi magani.